Warin Roba a Man Hajja Nafisa

Shekaranjiya ina zaune a bakin rumfa na ji Mustafa, ɗan ƙanena, yana gaya wa wani direban Hawata cewa aikinmu wanki ne kawai, a zuba ruwa a goga a shanya. Ban tanka ba, don baƙo yana tsaye. Amma tunda yanzu ku uku ne ke riƙe da shagon, ni kuma gwiwa ta mayar da ni mai gadin kujera, gara in rubuta muku yadda na koyi wannan wankin. Zan kuma gaya muku yadda na taɓa yin sa a gaggauce, na ɓata wa wata baiwar Allah sunan da ta yi shekaru tana ginawa a kasuwar Gadarif, a nan Sudan. Ba ku san ta ba, amma kullum kuna taka shimfiɗarta.

Aikin farko da na yi a hannun Usta Abakar (usta muke ce wa gwanin sana'a) na yanka ne, ba na cire wari ba. Ina ɗan shekara goma sha biyar mahaifina ya kai ni rumfarsa a bayan kasuwar hatsi, inda yake yanka tsofaffin tayoyin lori yana fitar da takalma da guga da igiyar ɗaure kaya. Kakansa da nawa tare suka yada zango a ƙasar nan a hanyar Makka, wasu sun ce kafin su je, wasu sun ce bayan sun dawo, ya danganta da wanda ke ba da labarin. Usta ya miƙa mini wuƙa mai lanƙwasa kamar ƙaramin lauje, da dutsen wasawa, da kwanon ruwa. Ya ce roba ba da ƙarfi ake yanka ta ba, da jiƙaƙƙiyar wuƙa ake yi. Wata uku ina wasa wuƙa ina jiƙa ta kafin ya bar ni na taɓa taya mai kyau. Takalmin farko da na yanka, ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo da yatsa biyu. Ya rataye shi a bakin rumfa, duk wanda ya zo sai ya nuna masa, ya ce yana cigiyar mai ƙafa irin wannan.

Shimfiɗar roba ta naɗi daga baya ta shigo mana, ta hanyar Bur Sudan. Ba tabarmar leda mai zane nake nufi ba, wadda mata ke shimfiɗawa a tsakar gida. Baƙar nan nake nufi, mai kauri, wadda sai mutum biyu ke ɗaga naɗinta, wadda yawancinta da niƙaƙƙiyar tsohuwar taya aka yi. Wanda ya fara kawo mana ita wani direba ne mai ɗaukar mutane tsakanin Gadarif da Hawata, yana so a shimfiɗa masa a cikin mota. Muka auna, muka yanka, muka shimfiɗa a rana ɗaya, har Usta yana yabon aikinsa da bakinsa. Washegari sai ga direban fuska a murtuke. Ya ce kafin su kai rabin hanya mata uku sun yi amai, wani tsoho ya sauka ya ce gara ya jira motar awaki. Usta ya ɓanɓare robar cikin fushi, ya jefa ta a kan wani tsohon angarib, gadon igiyar nan, a bayan rumfa, ya manta da ita. Bayan kamar kwana goma sha biyu mai shayin da ke kusa da mu ta ce masa, yau dai baƙar tsiyar nan ta daina damun ta. Daga wannan mantuwar sana'ata ta fito, kuma da ita na ciyar da gida shekaru talatin da ɗoriya.

Gadajen igiya shida ɗin da kuke kwanciya a kansu bayan azahar ba don barcinku na saye su ba. Roba fuska biyu gare ta, kuma warin daga duka biyun yake fita. In ka shimfiɗa ta a ƙasa, ta sama ta sha iska, ta ƙasa tana zaune da kayanta tana jiran ranar da za a kai ta ɗakin mutane. A kan angarib iska tana bi ta ƙarƙashi, ta tsakanin igiyoyi. Duk da haka safe da yamma ake juya ta. Kuma a inuwa ake yi, inuwar da iska ke ratsawa, ba ɗaki ba. Na san kuna son rana saboda tana gaggauta abu. Gaskiya ne zafi yana fitar da wari, amma ranar Gadarif ba ta san iyaka ba. Ku bar ta wuni guda a fili, za ku ga robar ta fara gumi, wani maiƙo yana fitowa a fuskarta, gefunan sun fara tsagewa kamar baƙar lakar gonakinmu a tsakiyar rani. Rana ta hantsi kaɗan ta isa, kafin ƙasa ta fara ƙona ƙafa a mayar da ita rumfa.

Wankin da Mustafa ya rena kuwa sau uku ake yi, kuma kowanne da ranarsa. Na farko da sabulun wanki ne marar ƙamshi da buroshin kaba, don a cire maiƙon da masana'anta ta shafa mata kada ta manne a cikin naɗi. Rabin warin da ke bugun mutum a ranar farko daga wannan maiƙon yake. Na biyu da ruwan hal, mai tsamin nan da ake zubawa a salak, a sirka shi da ruwa sosai, a goga da tsumma, a bari ya bushe da kansa. Na uku da ruwan kanwa, ko atrun in ji mutanen kasuwa, bayan kwana biyu. Na gan ku rannan kun haɗa hal da kanwa a bokiti ɗaya, kuna murna yana kumfa. Kumfar ta burge mai kaya, na yarda, amma abin da ya faru shi ne tsami ya kashe kanwa, kanwa ta kashe tsami, kun wanke robar mutum da ruwan banza. Kada kuma in ƙara ganin wani ya kusanto ta da fetur ko gas ɗin lori, don narkar da fuskarta suke yi. A garin da jaki ke kawo mana ruwa a karo, wato amalanke, Usta ya koya mini wanke naɗi guda da guga huɗu, ruwan ɗauraya na yau shi ne ruwan jiƙo na gobe.

Bayan wanki sai barbaɗi. Mukan daka gawayi mu barbaɗa, ko mu karɓi garin gahawar da aka riga aka dafa daga wurin masu jabana, masu sayar da gahawar nan, mu busar da shi mu barbaɗa, a bari ya kwana biyu a share. Waɗannan tsotse wari suke yi, ba rufe shi ba, kuma nan ne bambancin sana'ar gaba ɗaya. Sauran aikin na haƙuri ne. Roba mai kyau kwana bakwai zuwa goma ta isa. Ta niƙaƙƙiyar taya, wadda in ka duba gefenta za ka ga tsaki-tsaki, ba ta sakin jiki ƙasa da sati biyu, in da damshi a iska ma ta fi haka.

To yaya ake sanin ta yi? Nan ne na fi so ku buɗe kunne. Wata rana, ina cikin shekarata ta huɗu a rumfa, na gama wata shimfiɗa na kai hanci na sunsuna, na ce wa Usta ta yi. Ya dube ni ya yi dariya.

"Ya Haruna, da wane hancin?"

"Da nawa, Usta."

"Naka ya mutu tun bara, kamar yadda nawa ya mutu tun kafin a haife ka. Wanda ya wuni cikin roba ba ya jin roba. Ɗauko mini gwangwanin can."

Gwangwanin madarar gari ne mai murfi. Ya yanki ɗan kusurwar shimfiɗar, kamar faɗin yatsa biyu, ya jefa a ciki, ya zuba riɗi cikin tafin hannu, ya rufe, ya ɗora a kan kwanon rufin rumfa inda ɗumi yake. Ya ce sai gobe war haka. Riɗi mai ne a cikinsa, kuma mai yana kwashe duk warin da ya zauna kusa da shi. Shi ma Usta da tsautsayi ya gano, ranar da guntun roba ya faɗa cikin riɗin da yake ajiyewa na taunawa. Washegari ya buɗe ya miƙo mini. Na tauna. Da farko riɗi ne, sai can a ƙarshen harshe wani ɗaci ya taso, kamar na lashi tayar da ta yi tafiyar wuni. Na tofar. Ya ce, "Kwayyis, madalla. Harshenka yana nan da rai. Mayar da ita kan gado." Daga ranar babu shimfiɗar da ta bar rumfar Usta Abakar sai an tauna mata riɗi.

Masu kawo aiki iri-iri ne, kuma dukansu sauri suke yi. Na yi wa wani masallaci a Basunda shimfiɗar wurin alwala, ladan yana aiko mini saƙo kullum ta hannun direbobi, har na haddace sallamarsa. Na riƙe ta kwana goma sha shida. Da na kai, wani dattijo ya durƙusa ya kai goshinsa kanta kafin ma a gama shimfiɗawa, ya ɗago ya ce babu komai, ya tafi abinsa. Iyakar yabon da ake samu a sana'ar nan ke nan, a ce babu komai. Na yi wa wani ƙaramin asibiti ta ɗakin awon masu ciki, wadda na fi jin tsoro a duk ayyukana, don mai ciki tana jin warin da ba a ma yi ba tukuna. Na yi wa masu niƙa, da masu gyaran tarakta, da wani mai shagon aski da ya dawo ya ce in mayar masa da ɗan warin, wai mutane sun daina yarda sabuwa ce.

Hajja Nafisa ba ta cikin masu sauri. Sa'ar mahaifiyata ce, tana da gona ta wajen Mafaza da asara a bayan gidanta a nan Gadarif, wato turmin matsar man riɗi na itace wanda raƙumi ke juyawa idonsa a ɗaure. Mijinta ne ya bar mata, ita kuma ta fi shi iya riƙewa. Manta ba shi da tambari, ba shi da takarda, sunanta kawai ake faɗa. Babban mai sayenta shi ne Ammu Taha, mai sayar da ful, dafaffen waken nan, a bakin tasha, wanda rabin ma'aikatan kasuwar hatsi a wurinsa suke karya kumallo. Kun san ful ba ya ciwuwa sai da man riɗi, kuma kun san duk mai sayen mai sai ya buɗe jarka ya sunsuna, ya ɗiga a yatsa ya lasa, don masu haɗi sun yi yawa. Ammu Taha yana yi wa kowa haka, har da ƙanensa. Hajja Nafisa kaɗai ce ba ya buɗe wa murfi. Ta sauke jarka daga karo, ya ɗauka ya shigar ciki suna hira, shekara da shekaru. Mutanen tasha sun san wannan, kuma saboda shi wasu da yawa suka koma sayen manta. Ita ma ta sani, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa. Usta Abakar ya rasu da shekara biyu a lokacin, rumfa tana hannuna. An yanke riɗi an jingina dammuna a gonaki don su bushe, sai sama ta dawo kamar farkon damina. Lakar nan ta riƙe motoci a hanya, wasu gonakin ba a ma iya shiga ba. Abin da aka samu aka kaɗe ya iso gari da danshi, kuma riɗi mai danshi in ya kwana biyu a buhu sai ya yi zafi ya fara fumfuna. Dole a baje shi a cikin ɗaki a yi ta juyawa. Tamfol ya ƙare a kasuwa ƙarƙaf, har na rufin motoci an saye. Ɗakin ajiyar Hajja daɓen ƙasa ne, ruwa yana tsattsafowa ta ƙasa. Wani ɗan'uwanta ya ba ta naɗi biyu na baƙar roba da ya sayo don lorinsa, irin mai tsaki-tsakin nan, mafi wari a cikinsu. Ta aiko mini da su a karo, ta biyo baya da ƙafarta.

"Ya waladi, ɗana, kwana nawa?"

"Hajja, a wannan danshin, sati uku."

"Riɗina ba shi da sati uku. Ba shi da sati ɗaya ma."

Na ce zan yi iya ƙoƙarina. Na wanke da sabulu, na bi da hal, na bi da kanwa ba tare da na bar tazarar da ta kamata ba. Iska ta tsaya cik, robar ko bushewa ba ta yi sosai. A rana ta biyar Hajja ta dawo, ta ce ta sa hannu cikin buhu ta ji ɗumi. Sai ta kawo wata shawara da matan gidanta suka bayar. A ƙasar nan duk abin da ke da wari hayaƙi ake yi masa. Sabuwar randa a turara ta, ƙwaryar nono a turara ta, tufafi a turara, amarya ma a zaunar da ita kan ramin duhan, wato ramin hayaƙi, da itacen ɗalha har jikinta ya kama. Suka ce me zai hana a yi wa roba. Ramin yana nan a gidan, ɗalha tana nan, har da sandal. Na san ba a yi. Na san zafi yana sa roba gumi, na san ƙamshi rufe wari yake yi ba cire shi ba. Amma ina ganin hadari a gabas da tsohuwa a gabana, sai na ce a gwada. Ni da kaina na kai gadaje biyu gidan, na gicciya su a kan ramin, na ɗora robar, mata suka rufe da barguna kamar yadda suke rufe amarya. Wuni biyu ana yi.

Da safiyar rana ta uku na je. Gidan gaba ɗaya ƙamshi, har raƙumin yana atishawa. Na kai hanci kan robar, ɗalha da sandal kawai na ji. Gwangwanin Usta yana cikin jakata, da riɗinsa a ƙulle a tsumma. Hajja tana tsaye da mura, muryarta a dushe.

"Ina abin nan da marigayi yake yi? Gwangwanin?"

"Hajja, shi sai ya kwana. Kuma hadari ga shi nan."

"In ka ce a jira gobe, sai a jira. Kai ne usta."

"Ba sai an jira ba. Na sunsuna, ta yi."

"Halas, shi ke nan, tunda ka ce."

Wannan maganar tawa ce, ba ta matan gidan ba, ba ta hadari ba. Ta ba ni kwana guda da bakinta, na ƙi karɓa. Da na karɓa, da washegari na tofar da riɗin, da mun nemi wata dabara, ko da ɗora tabarmin kaba a kan gadaje ne, wanda daga baya shi muka yi. Muka shimfiɗa robar bango zuwa bango, aka juye riɗin shekara guda a kanta, aka rufe tagogi saboda feshin ruwa. Kwana shida yana kwance ana juya shi. Ya bushe da kyau, fumfuna ba ta kama shi ba, har Hajja ta aiko mini da kwanon abinci.

Matsar farko jarka biyu ta bayar. Babu wanda ya ji komai a gidan, don duk hancinsu ya cika da hayaƙi tun kwanaki, ita kuma ga mura. Ta kai wa Ammu Taha kamar kullum, ya ɗauka ya shigar ciki bai buɗe ba. Washegari da safe ya cika kwalbarsa ya yi ta tsiyayawa a kwanonin mutane, tasha cike. Aka fara ture kwano ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan dako ya ce wannan ful ɗin amarya ce ta dafa shi a garejin mota, aka yi ta dariya, kuma kafin azahar maganar ta zagaye kasuwar hatsi har da sunan mai man. Ammu Taha ya zubar da abincin ranar, ya ɗauki jarkokin da kansa ya kai mata gida.

Ta aiko a kira ni. Na same ta a zaune a kan tabarma, gabanta ɗan faranti da mai a ciki da gurasa guda.

"Bismillah, ya Haruna."

Na gutsura na dangwala na kai baki. Ƙamshin sandal ne ya fara zuwa, sai ɗacin nan da na sani tun ina yaro ya taso a ƙarshen harshe, ya fi na gwangwani ƙarfi nesa ba kusa ba. Na tsaya da lomar a baki.

"Ƙarasa," in ji ta.

Na cinye gurasar duka, na shafe farantin. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba, kafin nan ko bayan nan. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ban kira ka don faɗa ba. Hayaƙin shawarar gidana ce, wannan na ɗauka. Amma na tambaye ka gwangwani."

"Kin tambaye ni, Hajja."

"To. Yanzu me ya rage a yi?"

Na rufe rumfa kwana tara na koma ɗakin ajiyarta. Muka janye robar, muka kasa riɗin tsibi-tsibi, ina bi ina taunawa ina kurkure baki da ruwa, har dasashina ya yi ciwo. Wanda ya fi daɗewa a sama kusa da ƙofa ɗacinsa kaɗan ne, muka baje shi a tabarmin kaba a kan gadajena shida, iska tana bi ta ƙasa, har ya dawo daidai. Abin da ya tsira bai kai rabi ba. Sauran aka matse shi aka ba mata masu haɗa karkar, man gashin nan, tunda su dama turare suke zuba masa. Tunkuzar kuwa raƙumin ya sunsuna ya kau da kai. Robar na dawo da ita rumfa, sai da ta ci sati biyar da buhun gawayi kafin riɗin gwangwani ya fito da daɗi, don hayaƙin ya shige ta ya riƙe warin a ciki. Na mayar mata, ta ce in bar ta a wurina. Ita ce wadda ke ƙarƙashin randar ruwanmu, mai yankakkiyar kusurwa.

Ammu Taha mutumin kirki ne, bai daina saye a wurinta ba. Da ta kai masa man da ya tsira ya karɓa. Sai dai ya buɗe murfin ya sunsuna, ya ɗiga a yatsa ya lasa, sannan ya shigar ciki. Babu wanda zai ga laifinsa a ranar. Shekara ta zagayo, ruwa ya yi daidai, riɗi ya yi kyau, man Hajja ya dawo yadda aka san shi, masu dariya sun manta. Shi bai daina buɗewa ba. Nakan ci ful a wurinsa, na sha ganin abin da idona. Ta sauke jarka, ya kai hannu kan murfi, ita kuma sai ta juya tana kallon motocin tasha har ya gama.

Bayan kamar shekara huɗu na kasa haƙuri. Na jira mutane suka ragu na same shi yana wanke kwanoni.

"Ammu Taha, laifin nan nawa ne, na gaya maka tun a lokacin. Manta bai ƙara canzawa ba ko sau ɗaya. Me ya sa har yanzu kake buɗe mata?"

Ya tsaya da kwano a hannu yana kallona.

"Ina buɗewa?"

"Kowane zuwa."

"Wallahi ya usta ban san ina yi ba. Ma'alesh, a yi haƙuri. Zan daina."

Ranar kawo mai ta gaba na je da gangan na zauna a bencin gefe. Hajja ta iso, ta riga ta fara dogara sanda a lokacin. Mai karo ya sauke jarka. Ammu Taha ya hango ni, ya ɗauki jarkar ya ajiye a bakin ƙofa bai taɓa murfin ba, ya tambaye ta jikoki da raƙumi. Na ga ta dubi jarkar, ta dube shi. Suka yi sallama ta juya. Ba ta yi taku biyar ba wani ya kira shi a ba shi ƙarin gurasa, yana amsawa yana sunkuyawa, hannunsa ya je kan murfin da kansa. Ƙarar murfin jarka ba ta da yawa, amma ta ji. Ta ɗan tsaya, ba ta waiwayo ba, sannan ta ci gaba da tafiya wajen karo. Haka aka ci gaba har shekarar da ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Shimfiɗar masallacin nan da kuka ce wa liman ya aiko a ɗauka gobe da safe, mai tsaki-tsakin nan ce, kuma kwananta tara ne kawai, na ƙirga. Da kuka fita cin abinci na yanki kusurwarta na sa a gwangwanin Usta da riɗi, yana kan rufin rumfa, kada wanda ya taɓa shi. Ku aika wa liman ya ƙara haƙuri zuwa yamma. Gobe bayan la'asar Mustafa ne zai tauna, tunda shi ya ce wanki ne kawai. In ya haɗiye fuskarsa ba ta motsa ba, sai ku kira mai karo.